Mujallun Star Wars: A Karanta Ko A Kulle?

  

Yau sharhinmu zai kai mu Amurka. Za mu leƙa wata sha'awa da ta kama mutane da yawa a can, wato tara mujallun zane na Star Wars. Su ne 'yan littattafan nan marasa kauri, da ake ba da labari a cikinsu da zane, gida-gida, maganar kowa a rubuce kusa da bakinsa. Akwai waɗanda suka yi shekara da shekaru suna tara su. Wani akwati ɗaya gare shi. Wani kuwa ɗaki guda ya ware musu, ya hana yara shiga.

Zan faɗi ra'ayina tun yanzu, don kada ku ce na yi muku kwana-kwana. Amfanin waɗannan mujallu yana cikin abin da aka zana a cikinsu. Wanda ya tara don ya karanta, ya samu abin da ya nema. Wanda ya tara don ya jira su yi tsada, sau da yawa jiran gawon shanu yake yi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bari mu fara da mafari.

Ga wanda bai san Star Wars ba, fim ne na almarar kimiyya. George Lucas ne ya shirya shi, ya fito a watan Mayu na 1977. Labarin wani saurayi ne ɗan ƙauye, Luke Skywalker, da ya shiga yaƙin 'yan tawaye da wata azzalumar daula a sararin samaniya. Akwai gimbiya Leia. Akwai Han Solo, matuƙin kumbo ɗan fasa-ƙwauri. Akwai Darth Vader, mugun nan mai baƙin kwalkwali da numfashi mai tayar da tsikar jiki. Wani ɓangare na fim ɗin ma a nan Afirka aka ɗauke shi, a saharar Tunisiya.

Kafin ya fito, ba kowa ya yi zaton zai yi kasuwa ba. Hatta waɗanda suka zuba kuɗinsu suna ɗar-ɗar. Sai mai kula da tallarsa, Charles Lippincott, ya yi dabara. Ya ga cewa masu son irin wannan labari su ne masu karanta mujallun zane. Sai ya nufi kamfanin Marvel a birnin New York. Stan Lee, jagoran kamfanin, da farko ya ƙi. Ba a ga laifinsa ba. Fim ɗin ba a ko gama shi ba, kuma mujallun da ake cirowa daga finafinai ba su cika sayuwa ba. Roy Thomas, tsohon babban editan kamfanin, shi ya nace. Aka yarda, amma da sharaɗi. Marvel ba zai biya masu fim ko sisi ba sai an sayar da kwafi 100,000.

Fitowa ta ɗaya ta shiga kasuwa a watan Afrilu na 1977, tun fim bai fito ba. Roy Thomas ya rubuta, Howard Chaykin ya zana. Sai fim ya fito, duniya ta ɗauka. A lokacin babu bidiyon da yaro zai saya ya kalla a gida. In yana son ya sake ganin Luke, sai ya koma silima, ko ya sayi mujalla. Aka yi ta bugawa, ana sake bugawa. Marvel kuwa yana cikin halin ni-'yasu a wancan lokaci, kasuwarsa ta yi sanyi. Jim Shooter, wanda ya zama babban edita a 1978, ya faɗa daga baya cewa Star Wars ce ta ceci kamfanin. Abin da aka karɓa da ƙyar, shi ya riƙe gidan. Mujallar ta ci gaba da fita har fitowa ta 107, a shekarar 1986.

To, wannan tarihi ke nan. Yanzu mu buɗe mujallar mu ga abin da ke ciki, don a nan maganar take.

Mai zanen ya fara aiki ne da rubutaccen labarin fim da wasu hotuna. Bai san abin da za a yanke ba. Saboda haka a fitowa ta ɗaya za ku ga Luke yana hira da amininsa Biggs a garinsu, hirar da aka cire daga fim. A bangon ma, kwalkwalin Darth Vader kore-kore ne, ba baƙi ba. A fitowa ta biyu za ku gamu da Jabba, uban daban da yake bin Han Solo bashi. A mujalla, wani siririn halitta ne mai ƙafa biyu da gashin baki, sanye da tufafi. Sai a 1983 fim ya nuna Jabba na gaske, ƙato mai jan ciki, ba ƙafa ko ɗaya. Wanda yake da fitowa ta biyu, yana da Jabban da ba ya cikin kowane fim.

Abin ya fi daɗi bayan fitowa ta shida. A nan labarin fim ya ƙare. Fim na biyu kuwa sai 1980. Mujalla dole ta fita kowane wata. Me za a rubuta? Marubutan ba su san inda Lucas zai kai labarinsa ba. Sai suka shiga ƙago nasu, suna lalube.

A fitowa ta takwas suka kawo Jaxxon. Zomo ne kore, tsawonsa ya kai na mutum, yana riƙe da bindiga, bakinsa ba linzami. Mu da muka tashi da tatsuniyar da dabba ke magana, ba za mu ga abin mamaki ba. Amma Roy Thomas ya ce an sanar da shi cewa Lucas bai so zomon nan ba. Bai daɗe ba ya ɓace. Masu karatu suka yi shekaru suna yi masa ba'a. Sai ga shi daga baya ya zama abin so, har aka dawo da shi a sababbin mujallu.

Ga wani misali da ya fi wannan. A fitowa ta musamman ta 1979, wadda Chris Claremont ya rubuta, an ambaci mahaifin Luke da Darth Vader a matsayin mutum biyu daban. Shekara guda bayan haka, fim na biyu ya fasa ƙwai: Vader shi ne mahaifin Luke. Haka nan mujallun farko sun yi ta nuna alamar Luke yana son Leia. A 1983 aka bayyana cewa tagwaye ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Marubutan ba su yi ƙarya ba. Ba a gaya musu ba ne.

Wani lokaci kuma su kan yi daidai ba da sani ba. Marubuci David Michelinie da mai zane Walt Simonson sun so su kawo labarin daular ta sake gina babbar tashar yaƙinta mai tarwatsa duniyoyi. Masu fim suka ce a'a, ba tare da bayani ba. Ashe abin da fim na uku zai ƙunsa ke nan. Sai suka sauya wa makamin kama, suka ba shi wani suna. Han Solo kuwa, tun da fim na biyu ya ƙare an daskarar da shi, sai da marubutan suka yi shekara uku ba su da ikon ceto shi.

Kun ga abin da nake nufi? A waɗannan shafuka mutum yana ganin labarin tun yana ɗanye. Yana ganin hanyoyin da aka bi aka dawo. Fim ana iya gyara shi. Lucas da kansa ya sake fito da finafinan farko a 1997, ya ƙara wasu abubuwa da kwamfuta, ya sauya wasu. Amma takardar da aka buga a 1977, ba mai iya shiga akwatinka ya gyara ta. Wannan shi ne abin da mai tarawa yake riƙe da shi. Kuma ba zai san yana riƙe da shi ba sai ya buɗe ya karanta.

Yanzu mu juya ga kuɗi. Na san wasunku nan suke jira.

Gaskiya ne, akwai mujallar Star Wars mai tsadar gaske. A 1977 kuɗin mujalla senti 30 ne. Marvel yana son ya ƙara, amma yana tsoron masu saye su gudu. Sai ya yi gwaji. Ya buga kwafi kaɗan da farashin senti 35, ya aika wasu 'yan garuruwa, ya ga ko za a saya. Ciki ɗaya, bango ɗaya, lambar farashi kawai ta bambanta. Fitowa huɗu na farko na Star Wars sun faɗa cikin wannan gwaji. Yau fitowa ta ɗaya mai senti 35, in tana da kyau sosai, ana sayar da ita dala dubu gommai. Bambancin senti biyar ya zama kuɗin mota.

Amma ku tambayi kanku, me ya sa ta yi tsada? Saboda ba wanda ya san za ta yi. Yaron da ya saye ta a lokacin, haushi ma ya ji, an ƙara masa kuɗi. Ya karanta, ya naɗe, ya cusa a aljihu. Ya ara wa aboki. Uwarsa ta zo shara ta zubar. Waɗanda ba a saya ba a kanti, an mayar da su an lalata, don haka tsarin sayarwa yake a zamanin. Kaɗan aka buga, kaɗan daga cikin kaɗan suka tsira. Haka fitowa ta 107, ta ƙarshe. Ta yi wuyar samu ne don a 1986 mutane sun gaji da Star Wars, ba a buga da yawa ba.

Wannan ba a kan Star Wars ya tsaya ba. Mujallar da Superman ya fara fitowa a cikinta a 1938, senti 10 aka sayar da ita. A 2024 an sayar da kwafi ɗaya dala miliyan 6 a gwanjo. Dalili ɗaya ne. Yara sun karanta sun yar. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka bi gida-gida ana tattara tsofaffin takardu don a sake sarrafa su. Abin da aka yar shi ke tsada. Abin da kowa ya ɓoye ba ya tsada. Ku riƙe wannan ma.

Kafin mu wuce, ga gargaɗi. Akwai sake bugu na fitowa ta ɗaya da shi ma ke ɗauke da senti 35. Yana da yawa, kuma araha ne. Wasu an rubuta farashinsu a cikin alama mai kusurwa huɗu a karkace. Wasu an rubuta a jikinsu cewa sake bugu ne. Mutane da dama sun tsinci irinsa a kayan iyayensu, sun ɗauka sun yi arziki. Sai mai sani ya duba ya ce musu kuɗin abincin rana ne.

To, mu ci gaba da tafiya. Bayan 1986 sai aka yi shiru. A 1991 wani ƙaramin kamfani a jihar Oregon, mai suna Dark Horse, ya karɓi izinin buga mujallun. Ya fara da labarin Dark Empire, na Tom Veitch da Cam Kennedy. A ciki, mugun sarkin daular da aka kashe a fim na uku ya dawo a sabon jiki da aka kwafa daga nasa. Dark Horse ya riƙe izinin nan fiye da shekara 20. Ya koma baya, dubban shekaru kafin haihuwar Luke. Ya yi gaba, fiye da shekara 100 bayansa, ya ba da labarin zuriyarsa. Masu karatu da yawa sun ce a nan aka yi aikin da ya fi kyau, kuma ina tare da su.

Sai kamfanin Disney ya sayi kamfanin Lucas a 2012, a kan kuɗi sama da dala biliyan 4. Da ma ya riga ya sayi Marvel a 2009. Izinin mujallu ya koma gida. A watan Afrilu na 2014 aka yi sanarwa. Duk labaran da aka rubuta a mujallu da littattafai kafin lokacin, an fitar da su daga ingantaccen labari. Aka liƙa musu sunan Legends, aka ajiye su gefe. Za a fara sabon lale.

Ku auna yadda mai tarawa ya ji. Ya yi shekaru yana bin wani jarumi, wata bayan wata. Rana ɗaya aka ce masa wannan jarumi bai taɓa wanzuwa ba. Mutane sun ji ciwo ƙwarai. Amma ni ban ga asarar da suka yi ba. Labarin ƙage ne tun asali. Kamfani yana da ikon cewa ba zai ɗora a kansa ba. Ba shi da ikon cire daɗinsa daga zuciyar wanda ya karanta. Kuma ku dubi abin da ya biyo baya. A fim ɗin 2019, mugun sarkin nan ya dawo daga mutuwa, abin da mujalla ta riga ta yi tun 1991. Thrawn, kwamandan yaƙi mai shuɗiyar fata, wanda Timothy Zahn ya ƙaga a littafi, shi ma an ɗauko shi an mayar cikin sabon labari. An rufe rumbun da baki, ana ɗiba da hannu. Wanda ya karanta tsofaffin mujallu shi ke gane inda aka ɗebo.

Yanzu mun zo inda nake da ƙorafi.

A watan Janairu na 2015 Marvel ya fito da sabuwar fitowa ta ɗaya. Jason Aaron ya rubuta, John Cassaday ya zana. Aiki ne mai kyau, ba na musu. An sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya, abin da aka yi fiye da shekara 20 ba a gani ba. Amma ta yaya? Labari ɗaya ne, aka yi masa bango iri-iri, gommai. Wannan kanti da nasa bangon. Wancan taro da nasa. Akwai bangon da mai kanti ba zai samu ko ɗaya ba sai ya yi odar kwafi 100 na gama-gari. Mutum ɗaya sai ya sayi labari ɗaya sau goma, don bango kawai.

Kun ga bambancin? A 1977 ƙarancin ya zo ne ba da shiri ba. A 2015 shirya shi aka yi a ofis. Kuma kowa ya saya, a ranar ya sa a leda ya ɓoye. To, wa zai saya daga hannunka nan gaba, alhali kowa yana da nasa sabo fil? Na gama-gari yau araha ne. Abin da kowa ya ɓoye ba ya tsada.

Abin takaici, an taɓa yin wannan karatu. A farkon shekarun 1990 jaridun Amurka suka cika da labarin tsofaffin mujallu da suka yi tsada. Mutanen da ba su taɓa karanta mujallar zane ba suka shigo da kuɗinsu. A 1991 an buga sabuwar fitowa ta ɗaya ta X-Men, kwafi sama da miliyan 8. A 1992 aka kashe Superman a labari, mutane suka yi layi suna saye biyar-biyar, goma-goma, wai kuɗin makarantar 'ya'yansu. Bayan 'yan watanni Superman ya tashi. Masu saye suka waiwaya suka ga ba mai saye a hannunsu. Kasuwa ta rushe. Kantuna masu yawa suka rufe. A ƙarshen 1996 Marvel kansa ya je kotu neman kariya daga masu binsa bashi.

Saura abu ɗaya, wanda ya fi kowanne ba ni mamaki. Shi ne kulle mujalla.

A shekarar 2000 wani kamfani mai suna CGC ya fara aikin auna lafiyar mujallu. Za ka aika musu da taka, ka biya. Su duba ta yadda dillali a kara yake buɗe bakin rago ya duba haƙora, ya shafa baya, ya ɗaga ƙafa. Ko kusurwa ta lanƙwashe? Ko takarda ta yi ja? Ko ƙarafan ɗinki sun yi tsatsa? Ko wani ya taɓa shafa mata launi don ya ɓoye tabo? Sai su ba ta maki, mafi girma shi ne 10. Sannan su rufe ta ruf a cikin akwatin roba mai ƙarfi, makin a rubuce a sama. Ɗan lanƙwasa da ido ba ya gani sai an karkata ta ga haske, yana iya rage kuɗinta da rabi, ko fiye.

Bari in yi musu adalci. Aikin yana da amfani. Ciniki ya koma intanet, mai saye ba ya taɓa kaya da hannunsa. Kafin zuwansu, kowane mai sayarwa cewa yake tasa kamar sabuwa ce. An cuci mutane da yawa da gyararrun mujallu. Yanzu akwai alƙali a tsakani. Kuma mujallar da ta rage 'yan ƙalilan a duniya, ya dace a kare ta daga hannu da iska. Ban ƙi wannan ba.

Amma jama'a, in an rufe, ba a buɗewa. Ka fasa robar, makin ya tashi. Ke nan mutum ya mallaki Jaxxon, amma ba zai ga abin da zomon ya aikata ba. Ya mallaki Jabba mai ƙafa biyu, amma yana cikin duhu. Tallace-tallacen zamanin, da shafin wasiƙun da yara suka aiko suna yabo suna ƙorafi, duk an kulle. Bango kawai ya rage. Har sababbin mujallu da suka fito makon jiya ana aikawa a kulle, ba wanda ya taɓa karanta su. Marubuci ya yi aiki, mai zane ya yi aiki, ba don wannan ba.

Daga nan sai cinikin jita-jita. Ga yadda yake. Masu kasuwa suna farautar fitowar da wani jarumi ya fara bayyana a ciki. Ahsoka, wata jaruma mai takubban haske biyu, ta fara shiga mujalla a 2008, a bugun Dark Horse. Shekaru ba wanda ya damu sosai. Da aka ji za ta fito a shirin The Mandalorian a 2020, farashi ya yi sama. Lokacin annobar korona ne, mutane suna zaune a gida, kuɗin kayan tarawa iri-iri ya hau. Da aka buɗe gari, da yawa suka sauko. Wanda ya saya a ƙololuwa ya kwana ciki. Mutum ya sayi abu don ya ji an ce wance za ta fito a fim, ya jira ko ta fito ko ba ta fito ba. A ganina wannan ya fi kusa da caca fiye da karatu.

Wani zai ce, to malam, laifi ne mutum ya ci riba? Ko kusa. Ciniki halal ne, kuma akwai masu cin abinci da wannan sana'a cikin mutunci. Amma su sun san kansu 'yan kasuwa ne. Suna da jari. Sun san bugu na farko daga na biyu. Suna lissafin kuɗin aunawa, da kuɗin aikawa, da la'adar gidan gwanjo. Wanda nake ji wa tsoro shi ne mai sha'awa da aka ruɗa. Ya shigo don yana son labari, aka mayar da shi mai gadin roba. Balle kai da kake nesa da Amurka, ga canjin dala, ga kuɗin jirgi. Kafin kaya su iso hannunka, ribar ta tafi.

In labarin kake so, hanya a buɗe take. An tattara tsofaffin fitowar nan an sake buga su a manyan kundaye, na Marvel da na Dark Horse duka. Kundi ɗaya yana ɗauke da fitowa masu yawa, a kan kuɗin da bai kai na tsohuwar mujalla ɗaya mai maki ba. Ana kuma karanta su a waya, da biyan kuɗin wata. Sai dai na waya aro ne, ranar da ka daina biya an rufe ƙofa. In kuma tsohuwar takardar kake sha'awa, nemi wadda ta sha hannu. Tana da araha, kuma ba ka tsoron buɗe ta. Ka tara abin da za ka karanta. In ta yi tsada wata rana, falillahil hamdu. In ba ta yi ba, ka riga ka ci moriyarta.

Adanawa kuwa ba ta da wuya. Takardar tsofaffin mujallu irin ta jarida ce, mai arha, ba ta son rana, ba ta son laima. Masu tarawa suna sa kowace a ledarta, da kwali a bayanta don kada ta lanƙwashe, su jera su a tsaye cikin akwati. Ba a liƙa musu salatif, don yana cin takarda. A ƙasarmu sai a ƙara da tsoron gara da ɓera, da rumar damina.

Na ambaci ƙasarmu ne da gangan. Mu ma an buga mana abubuwan da aka karanta aka yar. Dattawanmu za su tuna mujallar African Film ta kamfanin Drum, a ƙarshen shekarun 1960, mai labarin Lance Spearman cikin hotuna. Wasu za su tuna Ikebe Super ta Wale Adenuga, inda Papa Ajasco ya fito. Ga kuma littattafan hikaya na Kano, da aka fara bugawa da yawa tun shekarun 1980, a takarda mai arha, ana haya ana ara har su yage. Ba na ce za su yi kuɗin mota ba. Amma bugun farko na da yawa daga cikinsu ya fara wuyar gani.

Saboda haka ga roƙona gare ku, iyaye mata musamman, da matasa masu gyaran ɗaki. In kun tashi share-share kuka ci karo da tsohuwar adakar Baba ko ta Inna cike da takardu, kada ku yi saurin miƙa wa mai ƙosai. Ku zauna ku buɗe. Ku karanta wa yara. In mai kayan yana raye, ku tambaye shi inda ya saya, da nawa, da wanda ya ara masa na farko. Sannan ku sa a leda, ku ɗaga daga ƙasa.

A nan za mu dasa aya.